Lensin Makro a Gidan Biki: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini a Kumasi

Shagona yana Aboabo, kuma na daɗe ina yawon ɗaukar hoton biki tsakanin Asawase, Sawaba, Alabar da Zangon Tafo. Duk yaron da ya zo koyon aiki, ranar da ya ga hoton zobe ya cika fuskar kwamfuta har ana karanta lambar da maƙeri ya buga a cikinsa, tambayarsa ɗaya ce: "Masta, da me ka ɗauki wannan?" Daga nan sai tambayoyi su ɓarke. Na tattara waɗanda suka fi dawowa, har da na amare da ƙawayensu, na amsa su yadda nake amsawa a shago.

Masta, me ya raba makro da sauran lensoshi?

Kusanci ne. Kowane lensi yana da iyakar da idan ka matso ka wuce ta, ba zai ƙara kama fokas ba. Ɗan 50mm f/1.8 STM na Canon, wanda yawancinmu da shi muka fara, yana tsayawa a santimita 35, kuma a nan ɗin abin da ka ɗauka yana sauka a kan sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, da kusan kashi ɗaya cikin biyar na girmansa. Makro na gaskiya yana kaiwa 1:1, wato abu mai faɗin milimita 20 zai kwanta a kan sensa da milimita 20 cif. Sensar babbar kyamara milimita 36 ce ta gefe ɗaya, 24 ta ɗaya gefen. Zoben amarya kuwa faɗinsa bai wuce wajen milimita 20 ba. Ka ga ke nan zobe ɗaya ya kusa cike hoton daga sama zuwa ƙasa.

Amma ka yi hattara a kasuwa. Akwai dogayen lensoshi irin 70-300mm da aka rubuta musu makro a jiki, alhali iyakarsu 1:2, wato rabin girman abin, wasu ma 1:4, wato rubu'insa. Ba su da laifi, sai dai kada a sayar maka da su a farashin na gaske. Ka nemi 1:1 a rubuce. Su Nikon kuma Micro suke rubutawa a nasu, kada wannan ya ruɗe ka.

A bikinmu na Zango, me ake ɗauka da shi? Na ga Turawa zobe kawai suke ɗauka.

Ai mu muka fi su abin ɗauka. Su zobe da fure da takalmi, shi ke nan. Mu kuwa tun daga ranar da aka kawo lefe ƙananan abubuwa ke ta shigowa gida, kuma yawancinsu ba sa daɗewa.

Fara da lalle. Mai lalle ta yi awanni a duƙe tana jan zare-zaren zane a bayan hannun amarya, bayan mako biyu ko uku babu shi babu alamarsa. Idan ba ka kama shi ba, ya tafi. Kuma lokacin ɗaukarsa yana da ƙa'ida: jan lalle ba ya nuna kyansa a ranar da aka wanke shi, sai ya kwana ɗaya ko biyu launinsa ya nuna. Baƙin da ake haɗawa da dayis shi a take yake fita, amma wasu fatarsu ba ta ɗaukarsa, sai ka ga ƙananan ƙuraje a gefen zanen. Ido ba zai lura ba, makro zai tona. In ka ga haka, ja da baya ka ɗauki hannun gaba ɗaya, ka rufa wa yarinya asiri.

Sai goron ɗaurin aure. Kafin a raba shi, ka ware guda uku ko huɗu, fari da ja, ka ɗora a kan ganyen da aka lulluɓe su da shi, ka yayyafa ɗan ruwa. Minti biyu ya isa. Haka dabino da alewa. Da liman ya shafa fatiha, ko ɓawo ba za ka samu ba.

A cikin akwatin lefe akwai sarƙa, 'yan kunne, awarwaro, agogo, kwalaben turare, da ninkin atamfa mai tambarin kamfani a gefe. Iyayen ango sun kashe kuɗi a kan waɗannan, kuma suna son a ga sun kashe. A cikin zobe ko maƙullin sarƙa za ka ga lamba: 750 zinare ne mai karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22, 925 kuma azurfa. Zoben ango a wajenmu galibi azurfa ne, tunda namiji ba ya sa zinare, saboda haka idan ka haɗa zobban biyu a hoto ɗaya, fari da rawaya, suna ba da sha'awa fiye da na Turawan da ake kwaikwaya.

Kada ka manta da ango. Aikin wuyan babbar riga, ɗinkin hula, carbin da ke hannun waliyyi. Kuma da yake muna ƙasar Asante, ba a rasa bikin da amarya za ta fito da kente a wajen liyafa. Saƙar hannu ta garin Bonwire, idan ka matsa mata da makro, kowane zare za ka gan shi ya hau kan ɗan'uwansa. Na kanti da aka buga da inji kuwa, kana matsawa asirinsa ke tonuwa, don haka shi ma ka san tazarar da za ka ba shi.

Wane tsawo zan saya, 40, 60 ko 100?

Tsakanin milimita 90 da 105. A Canon akwai EF 100mm f/2.8L da ya fito a 2009, da tsohon 100mm f/2.8 USM wanda ba shi da jan layin da ke zagaye bakin mai L ɗin, ya fi araha kuma kaifinsa bai da abin kushewa. Nikon suna da 105mm f/2.8G VR tun 2006, Sony suna da 90mm f/2.8 G na 2015. Masu sabbin kyamarori marasa madubi, Canon RF 100mm da Nikon Z MC 105mm duk a 2021 suka fito, na Canon ɗin ma yana wuce 1:1 ya kai 1.4:1. Tamron 90mm da Sigma 105mm suna aikin da babu amaryar da za ta iya bambanta shi da na manyan.

Dalilin da ya sa na ce 100 shi ne tazarar da ke tsakanin bakin lensi da abin da kake ɗauka. Idan aka rubuta santimita 30 a jikin lensi, daga sensa ake aunawa, ba daga gilashin gaba ba, don haka abin da ya rage maka a 1:1 bai wuce santimita 13 zuwa 15 ba. A 40mm kuwa sai ka kusa taɓa zoben, inuwarka ta rufe shi. Bayan haka, kai namiji ne a ɗakin amarya, ba ya kyautu ka kai fuskarka dab da hannunta.

Mai ƙaramar sensa, 60mm zai yi masa, domin yana ba da gani irin na 90 a Nikon da Sony, 96 a Canon. A ɗakunan gidajen haya na Zango, inda gado da akwatuna suka cinye wuri, wani lokaci ma shi ya fi daɗin aiki.

Na ari na wani na gwada, rabin zoben ya fito, rabi ya dushe. Lensin ne ya lalace?

Lafiyarsa ƙalau. Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, don haka ka natsu.

Duk lokacin da ka matso, kaurin wurin da ke fitowa da kaifi yana raguwa. Lambar f ita ke nuna ƙofar hasken lensi: ƙaramar lamba ƙofa a buɗe, babbar lamba ƙofa a tsuke. A 1:1 da f/2.8, kaurin bai kai rabin milimita ba. A f/8 ya kusa milimita ɗaya. Zoben kuma milimita 20 ne. To ta yaya zai fito duka? Kun saba buɗe lensi har ƙarshe don bayan amarya ya narke, sai ku kawo wannan ɗabi'a wajen zobe. A makro baya zai narke ko ba ka nema ba.

Abin da nake yi uku ne. Na farko, ina tsayawa tsakanin f/8 da f/11. Ba na wuce f/16, domin idan ƙofar haske ta tsuke da yawa hoton gaba ɗaya yana yin laushi. Na biyu, ba kasafai nake zuwa 1:1 ba a wajen biki. A 1:2 da f/8 kaurin ya kusa milimita 3, kuma kyamarorin yanzu suna da yalwar da za ka yanke hoton daga baya ba tare da ya fashe ba. Mutane suna sayen makro don 1:1, amma a biki aikinsa ya fi yawa tsakanin 1:2 da 1:4. Na uku, ka daidaita fuskar abin da fuskar kyamara. Hannun lalle a shimfiɗe, kyamara daga sama tsaye, sai zanen ya fito daga wuyan hannu har farce. Idan ka ɗauka a karkace, yatsa ɗaya za ka samu.

Fokas kuma da hannu ya fi. Ka murɗa zuwa girman da kake so, ka bar shi, sannan ka riƙa matsawa gaba da baya da jikinka a hankali. Inda dutsen zoben ya yi kaifi, ka danna. Ka ɗauki biyar ko shida a jere, ɗaya zai dace. A zobe mai dutse, ka sa ido kan ƙananan haƙoran da suka riƙe dutsen ta gaba; in sun fito, ido zai yarda da sauran.

Me ya sa hoton yake duhu ko da rana?

Saboda idan ka kai 1:1 hasken da ke isa sensa yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. F/8 ɗinka ya koma kamar f/16. Kyamarar Nikon tana nuna maka wannan canji a lambar, ta Canon ba ta nunawa, amma asarar ɗaya ce.

Ni taga nake fara nema, ko bakin ƙofa inda rana ba ta bugawa kai tsaye. In ɗora zoben a nan, in ce wa ƙawar amarya ta riƙe min farin mayafi ko murfin kwalin takalmi ta ɗaya gefen don ya mayar da haske. Zinare madubi ne, abin da ke gabansa yake nunawa. Idan ka sa jar riga, za ka ga ja a jikin zobe. Idan ɗakin duhu ne, zoben zai fito baƙi. Saboda haka abin da za ka gyara shi ne abin da ke kewaye da zoben. Filashin da ke kan kyamara, idan ka harba shi kai tsaye, ɗigon fari zai bari mai zafi. Ka cire shi, ka sa masa ɗan laushin haske, ka riƙe shi gefe, ko ka harba shi jikin farin bango. Ƙaramin filashin Godox ɗaya da na'urar kunna shi daga nesa sun wadatar.

Akwai wata matsalar ta gida. Wutarmu a Ghana tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ƙwayayen fitila masu araha kuma suna kyaftawa sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya gani. In ka sa saurin shota, wato ɗan lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, sama, musamman shota marar sauti, sai ka ga ratsi-ratsi a hoto. Maganin 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa, amma wannan saurin ya yi kaɗan ga hannu a makro. Ni kashe ƙwan nake yi in dogara da taga ko filashi. Wannan ɗabi'a ma ta cece ni sau da yawa, don dumsor, wato ɗauke wutar da ake yi mana, ba ya duba katin gayyata kafin ya zo.

Rumfunan haya masu launi su ma abin gudu ne. Ƙarƙashin jar rumfa ko shuɗiya, lalle da zinare duk launinsu ya ɓaci. Fito da amarya bakin rumfar, ko ka jira ta koma ɗaki.

Sai na ɗora kyamara a kan ƙafa uku?

A shago, e. A gidan biki, yara za su ture ta kafin ka gama kafawa. Ka dafa gwiwar hannu a kan gado ko tebur, ka sa 1/200, ka riƙe numfashi. Na'urar hana girgiza da ke cikin lensi tana taimakawa, amma ƙarfinta yana raguwa idan ka matso sosai, kuma ba ta hana jikinka yin gaba da baya.

Zan iya ɗaukar fuskar amarya da shi?

Sosai ma. 100mm f/2.8 lensin fuska ne mai kyau, ba ya kumbura hanci, yana raba mutum da bayansa. Shi ya sa ma nake cewa kuɗinsa ba ya tafiya a banza: idan na gama da zobe, ba na cire shi, da shi nake ɗaukar ɗaurin gwaggwaro da kwalliya.

Sai dai ba shi da kara. Hodar da ta taru a gefen hanci, gam ɗin gashin ido, gumin da ya fara tsattsafowa, duk zai kawo maka su. Ka ɗauka da zarar mai kwalliya ta ajiye burushi, kafin zafin Kumasi ya yi aikinsa, kuma da haske mai laushi daga gaba. Wajen gyara a kwamfuta, don Allah kada ka goge fatar har ta koma roba, kada kuma ka mayar da baƙar yarinya fara. Dangin miji sun san wadda suka aura.

Wajen rawa da liƙi, ajiye shi. Fokas ɗinsa yana da doguwar tafiya, idan ya kuskure sai ya je ya dawo, kafin nan amarya ta juya baya. In dole ne, akwai maɓalli a jikinsa da ke taƙaita tafiyar fokas, ka tura shi zuwa nesa.

Yaya ake karɓar zobe da gwala-gwalai a hannun mutane ba tare da an samu matsala ba?

Wannan ba ya cikin littafin kyamara, amma ya fi f/8 muhimmanci. Kada ka taɓa fita da kayan zinare daga ɗaki kai kaɗai. Ka ce, "Hajiya, a ba ni mutum ɗaya ya tsaya tare da ni." Wanda ya miƙo maka, shi za ka mayar wa, a gaban wanda ya gani.

Na koyi wannan da wuya. Wata shekara a wani gida na jingina zobe a kan murfin kwalbar turare a bakin taga, wata yarinya ta buɗe ƙofa da ƙarfi, zobe ya gangara. Muka shiga ɗaga akwatuna ɗaya bayan ɗaya, gwaggon amarya tana tsaye a kaina ba ta ce uffan ba, kallon kawai ya ishe ni. Can aka same shi cikin ninkin atamfa. Tun ranar ina yawo da ɗan danƙon nan da ake manna takarda a bango. Ƙwaya kamar gero a ƙarƙashin zobe, sai ya tsaya cak. Kuma a kan tire nake aiki, wanda ke da baki, ba a kan taga ba.

Ɗakin amarya sai da sallama da izini. Wasu gidajen ba sa son namiji ya shiga sam, kuma haƙƙinsu ne. Saboda haka na koya wa wata ƙanwata aikin, ita ke shiga da kyamara ta biyu. Mata masu son wannan sana'a, ga ƙofa a buɗe: hoton lalle da kwalliya kun fi mu samun sa yadda ya kamata. Kuɗin sadaki kuwa, tambayi waliyyi kafin ka ɗauka. Wani zai ce bismilla, wani zai ga kamar tallar sirrinsa kake son yi. A masallaci ma, idan ana ɗaurin aure, ba lokacin rarrafe da makro ba ne. Ka gama da goro tun kafin a zauna.

Ba ni da kuɗin makro yanzu. Akwai dabara?

Akwai, kuma ni ba na ba sabon mai hoto shawarar ya fara da makro. A yinin biki gaba ɗaya, aikin kusa bai fi na minti ashirin ko talatin ba. Ka fara mallakar lensin da zai ɗauki taro, da filashi, da batir na biyu.

Kafin nan, nemi bututun ƙari, wanda ake sawa tsakanin kyamara da lensi. Babu gilashi a cikinsa, nisanta lensin kawai yake yi daga sensa. Na Kenko uku ne a haɗe: milimita 12, 20 da 36. Lissafin mai sauƙi ne, ka raba tsawon bututun da tsawon lensin: 20 a kan 50mm zai ƙara maka 0.4 a girman abin a kan sensa, inda 1 shi ne 1:1, 36 zai ƙara wajen 0.7. Ka sayi mai ƙananan ƙarafan sadarwa a ciki, in ba haka ba ba za ka iya tsuke ƙofar haske ba a yawancin lensoshin zamani. Kuma muddin yana jiki, ba za ka iya ɗaukar abu mai nisa ba, don haka kada a fito da amarya ya same ka da shi.

Akwai kuma gilashin da ake maƙalawa a bakin lensi, irin Raynox DCR-250. A daƙiƙa biyu ka sa, a daƙiƙa biyu ka cire, ba ka buɗe kyamara ba. A kan 85mm ko dogon lensi yana aiki da kyau. Da babu gara ba daɗi, kuma wannan ma da daɗinsa.

Wayoyin yanzu suna da nasu makro, ya isa a sa a WhatsApp, amma idan aka buga shi babba a albam sai bambancin ya fito.

Idan zan sayi na hannu fa, me zan duba?

Buɗe murfin gaba da na baya, ka haska fitilar waya ta ciki. Ƙura kaɗan ba komai. Idan ka ga wani abu kamar saƙar gizo ko jijiyar ganye, fumfuna ce, ajiye musu kayansu. Murɗa fokas daga farko zuwa ƙarshe ka ji ko yana cijewa. Ka zo da kyamararka, ka ɗauki hoton takardar kuɗi ta sidi a shimfiɗe a f/8, ka duba kusurwa huɗun. Wanda ya ƙi bari ka gwada, ya san abin da yake ɓoyewa.

Yaya zan kare shi daga damina da hunturu?

Kumasi gari ne mai laima, kuma jakar kyamara a rufe cikin ɗaki mai duhu ita ce gonar fumfuna. In ba ka da akwatin busarwa mai wuta, sami roba mai murfi da ke rufuwa ruf, ka zuba ƙullin silika mai tsotse laima a ciki, ka riƙa busar da su lokaci zuwa lokaci. Kada ka kwana da lensi a jakar da ruwa ya taɓa.

Hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da bukukuwa suke yawa, ƙura ce abokiyar gaba. Ɗigon ƙurar da ke kan sensa ba ya fitowa a f/2, amma a f/11 na makro sai ka gan shi baƙi a kan farar shadda. Ka canza lensi a cikin ɗaki, bakin kyamara yana kallon ƙasa. Daren jajibirin biki ka ɗauki farin bango a f/16 ka duba.

Na ji ana ɗaukar hotuna da yawa a haɗa su ɗaya don komai ya fito. Ya dace da biki?

Ana yi, Photoshop yana haɗawa, wasu kyamarori ma suna jera ɗaukar da kansu. Amma yana son abin ya tsaya cak, kyamara ta tsaya cak, da lokaci. In ango ya kawo zobban shago kwana biyu kafin biki, sai in yi. A ranar kuwa, ana kiranka daga tsakar gida, ba zai yiwu ba.

Ni amarya ce. Me zan shirya wa mai hotona don waɗannan hotuna su yi kyau?

Ƙanwata, ki haɗa komai wuri ɗaya tun dare: zobba, sarƙa, 'yan kunne, katin gayyata mai tsabta wanda ba a ninke ba, turare, takalmi, da ɗan yankin atamfa ko leshin da za ki sa, don a shimfiɗa a ƙasa. Ki goge zinaren da tsumma mai laushi, domin shatin yatsa yana fitowa ɓaro-ɓaro. Ki shafa mai kaɗan a hannu minti goma kafin ɗauka, ba mai yawa ba, kada ya yi ƙyalli ya rufe lallen. Ki wakilta ƙawa ɗaya da ta san inda komai yake, kuma ki gaya wa mai hoton ya zo kafin gida ya cika.

A albam mai hoto ɗari, irin waɗannan guda takwas zuwa goma sun isa, a warwatsa su tsakanin hotunan mutane. In kina da wani abu na gado, awarwaron kakarki ko zoben da mahaifiyarki ta sa ranar nata auren, ki faɗa masa tun da wuri, don shi ba zai gane shi a cikin tarin kaya ba.